Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Darasi Daga Injin QuickJS Da Kogin Haɗejiya



Duk wanda ya tashi a fadamar Haɗejiya ya san yadda manomin rani yake sayen injin ban ruwa. Ba ya tsayawa kallon fenti, ba ya kuma ruɗuwa da daɗin bakin mai shago. Abin da yake fara tambaya shi ne, in wannan inji ya tsaya a daidai lokacin da alkama ke neman ruwa, akwai bakaniken da zai iya kwance shi a nan kusa? Ana samun kayan gyaransa a kasuwa? In aka ce masa sai an aika Legas, ko kuwa kamfani ya hana kowa buɗe shi, sai ya mai da kuɗinsa aljihu ya yi gaba. Wannan manomi bai shiga jami'a ba, amma ya gane abin da mu 'yan boko muka kasa ganewa, watau abin da ba ka iya gyarawa bai zama naka ba tukuna, ko da kuwa da guminka ka saye shi.

Mun kawo wannan misali ne domin a yau ma'aikatunmu da asibitocinmu da makarantunmu sun cika da wasu injuna waɗanda ido ba ya gani, watau manhajojin kwamfuta. Da su ake biyan albashi, da su ake yi mana rajista, da su ake ƙididdige marasa lafiya. Amma har yanzu ba mu ji mai yi musu irin tambayar da manomin nan ke yi ba. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, ilmin kwamfuta da muke nema ba zai amfani ƙasarmu ba sai mun koyi riƙo da gyara, kamar yadda muke ɗokin koyon ƙirƙira. Za mu kafa hujja da labarin wani ɗan ƙaramin inji da ya yi kwantai, jama'a suka tashe shi.

MENE NE INJIN HARSHE?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta kuma jin Turanci. Mai rubuta manhaja yakan tsara umarninsa da wani harshe na musamman, sa'an nan wata manhajar dabam ta karanta umarnin ta aiwatar da shi, tamkar tafinta tsakanin baƙo da mai gari. Wannan tafinta shi masana ke kira inji. Daga cikin irin waɗannan harsuna babu wanda ya kai JavaScript yaɗuwa, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape na Amurka a 1995. Duk sa'ad da ɗalibi ya buɗe wayarsa don biyan kuɗin makaranta ko duba sakamakon jarrabawa, lalle akwai injin wannan harshe yana aiki a ɓoye. Manyansu su ne irin su V8, wanda Google ya fitar a 2008, da SpiderMonkey na Mozilla. Waɗannan kamar tirela suke, ga ƙarfi ga ɗaukar kaya, amma sai manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa ke iya ɗawainiya da su.

A watan Yuli na 2019 wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard, tare da abokin aikinsa Charlie Gordon, suka fitar da wani inji suka sa masa suna QuickJS. Shi Bellard ba baƙo ba ne a wannan fage, don shi ne ya fara FFmpeg, wadda manhajojin bidiyo da yawa suka dogara a kanta, da kuma QEMU. Abin da ya sa QuickJS ya yi fice shi ne ƙanƙantarsa. An rubuta shi da harshen C, girmansa 'yan ɗaruruwan kilobayit ne kacal, ana kuma iya cusa shi cikin wata manhaja ko cikin ƙaramar na'ura mai ƙarancin ƙarfi. In V8 tirela ce, to shi babur ne mai shiga lungu.

Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne sharaɗin da aka fitar da shi a kai. Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, watau umarnin da mutum ya rubuta da hannunsa, wanda sai da shi ake iya gyara ta. Kamfanoni da yawa kan ɓoye wannan rubutu, su sayar maka da izinin amfani kawai. Bellard da Gordon kuwa sai suka buɗe nasu ga kowa, bisa lasisin MIT, wanda ya yarje wa kowane mutum ya karanta, ya kwafa, ya sauya, ya rarraba, har ma ya sayar, muddin bai goge sunan masu shi da takardar lasisin ba. Irin wannan ita muke kira buɗaɗɗiyar manhaja.

YADDA YA KWANTA, DA YADDA AKA TASHE SHI

Mutane suka karɓi QuickJS hannu biyu-biyu, suka gina nasu ayyukan a kansa. Daga nan sai aka ji shiru. Bayan fitowar da ya yi a watan Maris na 2021, aka shafe fiye da shekara biyu da rabi ba a ga sabon bugu ba. Mai karatu zai ce, to mene ne a ciki, tun da injin yana aiki? Amsa ita ce manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Tun daga 2015 kowace shekara ake sabunta ƙa'idojin harshen JavaScript, saboda haka injin da ya tsaya cik, harshen zai tafi ya bar shi. Ban da wannan, kullum masu amfani na gano kurakurai, wasu ma irin waɗanda ɓarawo zai iya bi ta cikinsu. Masu gano su suka yi ta rubuta faci, amma babu mai ɗinka facin a jikin rigar. Kowa sai ya riƙa liƙa nasa a kwafinsa, aikin da mutum ɗaya zai yi wa kowa ya zama mutum ɗari na maimaita shi.

Ba mu ga laifin Bellard ba. Kyauta ya bayar, bai ci kuɗin kowa ba, bai kuma yi wa kowa alkawarin zai yi ta bauta har abada ba. Wanda ya haƙa rijiya ya bar wa gari, ba a kama shi da laifi don ta cushe.

A ƙarshen 2023 wasu mutum biyu daga cikin masu dogaro da injin suka ce zama bai gan su ba. Su ne Ben Noordhuis, wanda ya daɗe yana aiki a kan Node.js, da Saúl Ibarra Corretgé, wanda ya gina wata manhaja tasa mai suna txiki.js a kan QuickJS. Suka kwafi asalin rubutun kamar yadda lasisi ya ba su dama, suka sa wa kwafin suna QuickJS-ng, suka buɗe ƙofa ga duk mai son kawo gyara, suka shiga duba facin da ya taru da ƙara sababbin ƙa'idojin harshen. Turawa na kiran wannan aiki da kalmar da ke nufin mararraba, inda hanya ta rabu biyu. Mu kuwa za mu ce sun fitar da reshe. A watan Disamba na shekarar kuma Bellard ya dawo ya fitar da sabon bugu, ya ƙara wasu a 2024 da 2025. Injin da aka yi zaton ya mutu sai ga shi da gida biyu, kowanne da masu kula da shi.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya je kotu, babu wanda ya nemi izinin wani, babu kuma wanda aka ƙwace wa kayansa. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da a ce rufaffen inji ne, da masu amfani da shi ba su da abin yi sai jira da addu'a.

ABIN DA KOGINMU YA KOYA MANA

Mu mutanen fadama bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, domin mun ga irinsa a ƙofar gidanmu. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗejiya yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ja baya ƙwarai da rani. Ƙarfin ruwan damina yakan share hanya, bushewar rani kuma takan kashe ciyawa. Da aka tare ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, gudun ruwa ya ragu, laka da yashi suka kwanta, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna cinye wa talaka hatsinsa. Mutanen Guri da Kirikasamma da maƙwabtansu ba sa bukatar a ba su wannan labari.

Babu wanda ya tashi da niyyar toshe kogin. Rashin yashewa ne kawai, shekara bisa shekara, kowa na ganin aikin wani ne. Haka manhaja take cushewa. Sa'ad da mutanen ƙauyuka suka gaji da jiran hukuma, sun sha yin gayya su shiga ruwa da adda da lauje su sare kacala don ruwa ya sami hanya. Ba su suka haƙa kogin ba, amma su ke sha daga gare shi, saboda haka ba su tsaya neman takardar izini ba. Abin da masu QuickJS-ng suka yi ke nan, gayya ce ta masu amfani.

Amma fa kogin ya koya mana darasi na biyu, wanda masu zumuɗin ballewa ba sa son ji. Ƙasa da garin Haɗejiya ruwan yakan rarrabu gida-gida. Ga Marma mai nufar tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga kuma tsohon kogin mai nufar wajen Gashuwa. Da tsohon kogin ya cushe sai akasarin ruwan ya karkata Marma, gonakin wasu suka nutse, wasu kuma can ƙasa suka rasa ruwan da suka saba samu. Rabuwa ba ta ƙara ruwa. Haka nan masu iya gyara inji ƙalilan ne, in suka watsu reshe goma kowanne zai ƙafe. Don haka fitar da reshe magani ne na ƙarshe, bayan an kai faci an yi ta sallama ba a amsa ba. Ba a yinsa don fushi ko don neman suna.

Mafi kyawun reshe ma shi ne wanda ya bar ƙofar komawa a buɗe. A watan Disamba na 2014 wasu daga cikin masu aikin Node.js, waɗanda ba su gamsu da yadda kamfanin Joyent ke tafiyar da shi ba, suka balle suka kafa io.js. Ba a yi shekara ba aka sasanta, aka kafa gidauniya mai zaman kanta ta riƙe aikin, rassan biyu suka sake haɗewa a watan Satumba na 2015. Ballewar ce ta kawo gyaran, amma haɗewar ce ta tabbatar da shi, kamar yadda ruwan Haɗejiya da na Jama'are kan haɗu su zama kogin Yobe kafin su nufi tafkin Chadi.

MASU CEWA BA RUWANMU

Mun san akwai masu cewa wannan zance na Turawa ne, mu da wutar lantarki ma ba ta ishe mu ba ina mu ina gyaran injin harshe? Muna roƙonsu su dubi ƙasar Barazil. Daga 1977 zuwa 1992 ƙasar ta sa tsauraran sharuɗɗa a kan shigo da kwamfuta da manhaja daga waje. Cikin wannan hali ne wasu masana uku a wata jami'a ta birnin Rio, watau Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suka ƙirƙiri harshen Lua a 1993 don biyan bukatun aikin da suke yi wa kamfanin man ƙasarsu. Harshen ya bazu duniya, ana amfani da shi a wasannin kwamfuta, har ma a cikin Wikipedia, ciki har da ta Hausa. Rashi ne ya sa su tona, ruwa na ƙasa kuwa sai ga wanda bai tona ba. QuickJS kuma ƙarami ne, tsohuwar kwamfutar da ɗalibi ya saya ta hannu ta isa a harhaɗa shi a kanta, a karanta shi, a gwada shi.

Wasu kuma za su ce ai buɗe rubutun manhaja buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Wannan tsoro yana da tushe, ba za mu raina shi ba. A watan Maris na 2024 aka gano an cusa wata ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja ta matse fayil wadda kwamfutoci masu ɗimbin yawa ke amfani da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗauke da nauyinta ba tare da albashi ba har ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana nuna taimako har aka amince masa, sa'an nan ya aikata ta'asarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa a nan ita ce barin mutum ɗaya da kayan mutum dubu. Wanda ya bankaɗo abin, Andres Freund, ya iya yin haka ne don rubutun a buɗe yake, ya ga na'urarsa na jinkiri ya bi sawu. Ashe ke nan maganin shi ne a ƙara yawan idanu da hannaye, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

INA MUKA TSAYA?

Ba za a ce Jigawa ta rasa makarantu ba. Tun farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido, ta biyo baya a 2013, ga kuma kwalejin Binyaminu Usman a cikin garin Haɗejiya. A 2019 aka naɗa ɗan garin nan, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa a Nijeriya. Buɗaɗɗiyar manhaja ma ba baƙuwa ba ce a ofisoshinmu, domin DHIS2 da ake tattara bayanan asibitoci da ita a ƙasar nan irinta ce, Jami'ar Oslo ce ke jagorantar aikinta.

To, da duk wannan, me muke yi? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe kan rubuta manhajar kula da ɗakin karatu ko ta rajistar ɗalibai, irin wadda na bara suka rubuta, a ba su maki, a ɗaure takarda da bango mai kauri, a jera a kanta ƙura ta rufe. Waɗanda suka yi aikin sanin makama a ofisoshi daga cikinmu kuwa sun ga ɗaya ɓangaren. A ba ɗan kwangila aikin manhaja, a yi bikin buɗewa, kwangila ta ƙare ya tafi da asalin rubutun a jakarsa. Ranar da abu ya lalace a neme shi a rasa, ma'aikata su koma wa fayil da biro, bayan 'yan shekaru a sake ba da sabuwar kwangila a kan aiki ɗaya. Da idonmu mun ga taraktocin gwamnati suna ruɓewa a ƙarƙashin bishiya don rashin ɗan ƙarfe guda. Wannan ita ce cutar, ta sake riga ne kawai. Kuɗin da ake zubarwa kuma na manomin nan ne mai injin ban ruwa.

SHAWARWARINMU

Na farko, muna kira ga malamanmu na sassan ilmin kwamfuta da su yarda ɗalibi ya kammala karatu da gyaran da ya yi wa wata manhaja mai rai, wanda masu kula da ita suka duba suka karɓa. Layi ashirin da aka karɓa a irin su QuickJS-ng sun fi shafi ɗari da ba mai buɗewa, domin mai su ya koyi karanta aikin wani, ya koyi jure gyara, ya kuma koyi ladabin aiki da jama'a.

Na biyu, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ware rana guda a mako ta gayya. A zaɓi manhaja ɗaya ƙarama, a karanta ta tare, manya su ja ƙanana. Ba sai an fara da abu mai wuya ba. Gwada manhaja a kan irin wayoyin da mutanenmu ke riƙewa aiki ne, bayar da rahoton kuskure dalla-dalla aiki ne, fassara bayani zuwa Hausa aiki ne, haka nan tabbatar da cewa haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fita daidai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, babu wani a Faransa ko Holan da zai gano mana waɗannan.

Na uku, ku yayyenmu ma'aikata, ku ne ke tsara takardun kwangila ko da ba ku ke sa hannu ba. Ku dage a rubuta cewa duk manhajar da aka biya da kuɗin jama'a, asalin rubutunta da bayanin yadda take aiki mallakar gwamnati ne, a miƙa su kafin a biya kuɗin ƙarshe, kuma gwamnati na da ikon ba wani ya gyara. Ku kuma nemi a sa kuɗin kulawa na shekara-shekara a cikin kasafi, domin ba a yashe kogi sau ɗaya a ce an gama.

Na huɗu, mu kiyayi ballewa ta son zuciya. Wanda ya sami saɓani da abokan aikinsa ya fara kai gyaransa gare su cikin mutunci. In ya zama dole a fitar da reshe, a ambaci sunan masu asali, a girmama su, a bar hanyar komawa.

Iyayenmu da ke shiga ruwa da lauje sun san kacala za ta sake tsirowa baɗi, amma hakan bai hana su shiga bana ba, domin sun san shinkafarsu da kifinsu suna bayan wannan wahala. An turo mu makaranta ne don mu ɗauke musu wani ɓangare na irin wannan nauyi. In muka fita da takardar digiri alhali ba mu iya kwance injin da ofishinmu ke dogaro da shi ba, to bakaniken kasuwa ya fi mu amfani ga jama'a, kuma ya kamata mu ji kunyar haka.

Allah ya ba mu ikon gyara kayanmu, ya sa mu amfani waɗanda suka ɗauki nauyin karatunmu. Amin.